An Kutsa Kamfanin da Nake Ajiya: In Kwashe Kuɗina Ko In Zauna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon POS da kayan waya a Ƙofar Kaura, cikin Katsina. Akwai kamfanin da nake amfani da manhajarsu, kusan duk cinikina ta can yake bi. Makon jiya suka turo mani saƙo cewa wasu sun kutsa cikin kwamfutocinsu, mai yiwuwa an ɗebi sunaye da lambobin waya da ranakun haihuwa da BVN na wasu daga cikinmu. Amma wai kuɗinmu na nan lafiya, kalmomin sirri kuma a kulle suke. Yayana ya ce in kwashe komai in koma riƙe tsaba, wai wanda aka shiga gidanshi sau ɗaya za a sake shiga. Ni kuma injin POS ɗin nasu ne, yarana biyu da shi suke neman abinci. Shin kamfanin da aka yi wa irin wannan ya cancanci a sake amince mashi? Me ya kamata in yi?

Mai POS, Ƙofar Kaura

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya tsare gaba, Ya sa albarka a kasuwa.

Kada ka yanke hukunci a kan kutsen kaɗai. In da duk kamfanin da aka taɓa kutsawa barinsa ake yi, da ba sauran wanda za a yi hulɗa da shi. A 2013 an shiga Yahoo an taɓa asusu biliyan 3, wato duk mai asusu a wurinsu a lokacin. Abin da za ka auna shi ne halin kamfanin: ta ina aka shiga, kwana nawa ɓarayin suka yi a ciki ba a sani ba, kwana nawa kuma masu kamfanin suka yi da sanin kafin su buɗe baki.

Kai Bakatsine ne, ka san ganuwa. Duk kaurinta, amfaninta yana wajen masu tsaron ƙofa. Kwamfutocin babban kamfani kuwa ƙofofinsu sun kai dubbai: kowane ma'aikaci mai kalmar sirri ƙofa ne, kowace tsohuwar manhaja ƙofa ce, haka kowane ɗan kwangila da aka ba izinin shiga. Mai tsaro sai ya rufe dukkansu kullum, ɓarawo kuwa guda ɗaya yake nema. Shi ya sa mu a wannan sana'a ta tsaron kwamfuta ba ma yi wa kowa alkawarin ba za a shiga ba. Wanda ya yi maka wannan alkawari talla yake yi.

Amma shiga ma iri-iri ce, kuma nan ne maganar Yayanka take da ƙanshin gaskiya. Dubi Equifax, kamfanin Amurka mai tattara tarihin bashin mutane. A watan Maris na 2017 aka sanar cewa akwai ɓaraka a wata manhaja da suke amfani da ita mai suna Apache Struts, aka kuma fitar da gyaranta kyauta. A cikin kamfanin ma an aika saƙo cewa a yi gyaran cikin awa 48. Ba a yi ba. Tsakiyar watan Mayu masu kutse suka shiga ta wannan ɓarakar, suka yi kwana 76 suna ɗiba a natse. Akwai na'urar da aka ajiye don ta duba abin da ke fita daga rumbun bayanan kamfanin, amma takardar shaidarta ta daɗe da ƙarewa ba wanda ya sabunta, don haka ba ta ganin komai. Sai da aka sabunta ta a ƙarshen Yuli sannan aka ga ɓarna. Jama'a kuwa ba su ji ba sai 7 ga Satumba. Mutum kusan miliyan 147 abin ya shafa, shugaban kamfanin ya sauka, a 2019 suka amince su biya abin da zai iya kai dala miliyan 700. Wannan ba ƙwarewar ɓarawo ba ce, sakaci ne tsagwaronsa, kuma gidan da sakaci ya zama ɗabi'arsa lallai za a sake shiga.

Uber kuma nasu ya fi muni a wurina. A 2016 aka sace bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Maimakon su faɗa, sai suka ba ɓarayin dala 100,000 don su yi shiru, aka rufe maganar har Nuwamban 2017. Daga baya kotu a Amurka ta sami shugaban tsaronsu na lokacin, Joe Sullivan, da laifi kan wannan rufa-rufa. Sakaci ana iya gyara shi da kuɗi da sabbin ma'aikata. Wanda ya zauna ya shirya ɓoye maka kuwa ya riga ya nuna maka matsayinka a wurinsa. Akwai kuma masu yin akasin haka. Da aka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, kamfanin alminiyam na ƙasar Nowe, a Maris ɗin 2019, sun ƙi biyan kuɗin fansa, suka riƙa fitowa suna bayyana wa duniya halin da ake ciki tun daga ranar farko.

To koma ka sake karanta saƙon da aka turo maka, a tsanake. Shin sun faɗi ranar da aka shiga da ranar da suka gano? Saƙon da ya ce "kwanan nan" bai faɗi komai ba. Sun lissafa abin da aka ɗauka dalla-dalla, ko sun tsaya a kan "wasu bayanai"? Su suka fara sanar da ku, ko sai da labari ya cika Facebook suka fito? Sun ce ga abin da suka canza, ko dai jimlar nan ce da kowa ke rubutawa, cewa tsaron bayananku shi ne a gabansu? A yadda ka kawo saƙon, sun ambaci BVN da bakinsu, wannan alama ce mai kyau, don shi ne abin da kamfani ya fi son ya ɓoye. Ranakun ne ban gani ba, kuma kana da ikon tambaya.

Ikon nan doka ce ta ba ka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 da sanin kutsen da zai iya cutar da mutane, in haɗarin babba ne kuma ya sanar da mutanen da kansu ba tare da ɓata lokaci ba. Manyan masu riƙe bayanai ana iya cin su tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kada kuma tambarin shaidar tsaro da suke liƙawa a shafinsu ya ruɗe ka. Kantin Target na Amurka ya sami shaidar cika ƙa'idar tsaron katunan banki a Satumban 2013, kafin shekarar ta ƙare aka kwashe bayanan kati miliyan 40, ta hanyar kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai gyara masu na'urorin sanyaya wuri.

Sai batun "kalmomin sirri a kulle suke". Kamfani mai hankali ba ya ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Yana bi da ita ta wani lissafi ya mayar da ita jerin haruffa marasa ma'ana, shi yake ajiyewa, kuma lissafin ba ya komawa baya. Sai dai ɓarawon da ya tafi da wannan jeri yana iya zama a ɗakinsa ya sa kwamfuta ta yi ta cankar kalmomi, miliyoyi cikin ɗan lokaci, tana gwadawa har ta dace. Doguwar kalma mai gauraye za ta ba shi wuya. Sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, ko lambar wayarka, ba za su kai ko'ina ba. Lamba huɗu irin ta kati kuwa duka-duka hanyoyin jera ta 10,000 ne. Saboda haka canza kalmar yau, da lambar tura kuɗi, kuma in ka yi amfani da kalmar a imel ko Facebook ko manhajar wani banki, can ma canza, kowanne da tasa. Fara da imel, don ta nan ake sake saita sauran.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ko ka kwashe kuɗinka yau ka rufe asusun, abin da aka ɗauka ya riga ya tafi. Kalmar sirri ana canza ta, kati ana sake wani, amma ranar haihuwarka da BVN ɗinka suna nan har abada. BVN kaɗai ba ya cire kuɗi a asusu, wannan ka kwantar da hankalinka. Aikinsa a hannun ɗan damfara shi ne ya sa ka yarda da shi.

Ga yadda abin yake zuwa. Wata rana da la'asar, shago cike, mutum uku na jiran cire kuɗi, sai waya ta yi ƙara. Murya mai ladabi, Hausa tsaf, har da tambayar iyali da kasuwa. Ya kira cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka, ya karanto maka lambobin ƙarshe na BVN. Sannan ya ce daga kamfanin ne, ai ka ga saƙon kutsen da aka yi, to ana sake tsare asusun waɗanda abin ya shafa, naka kuma za a rufe shi kafin magariba in ba a gama ba. "Yanzu za ka ga lamba shida ta shigo wayarka, Alhaji, karanto mani kawai." Lambar za ta shigo kuwa, kuma daga kamfanin na gaskiya, domin a daidai lokacin shi yana can yana ƙoƙarin shiga asusunka ta wata waya, ita ce abu ɗaya da ya rage masa. Ka lura, kutsen da kansa ya zame masa abin fakewa. Babu banki ko kamfanin da zai nemi irin wannan lamba ta amfani sau ɗaya, wato OTP, ko lambar katinka ta waya. Kashe kiran, ka nemi kamfanin ta lambar da ke cikin manhajar. Wannan karatu ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Zaunar da yaranka biyu ka faɗa masu, domin su ne wayar shago take hannunsu, kuma yaro ya fi saurin tsorata in an ce asusun maigida za a rufe.

Hanya ta biyu ita ce layinka. Da bayananka a hannu, wani na iya zuwa a sabunta masa layin da sunan ya ɓace, saƙonnin banki su koma wayarsa. Alamarta ita ce sabis ya ɗauke ɗif a wayarka alhali na kusa da kai suna da shi. Mu nan mun saba da ɗaukewar sabis, shi ya sa mutane kan share su kwana. Kada ka kwana. Ari waya ka sa a toshe asusunka, sannan ka nufi ofishin kamfanin layin. Tun yanzu nemi lambar gaggawa ta toshe asusu da bankinka yake da ita ka rubuta a takarda, ka kuma sa wa katin layin lambar kulle, don ko an sace wayar kada a zare shi a sa a wata.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: kai ma mai riƙe bayanan mutane ne. Littafin nan da masu POS kan ajiye a kan tebur, cike da sunaye da lambobin asusu da na waya, da hotunan takardar NIN da ake turo maku ta WhatsApp don buɗe asusu su yi ta zama a wayar yaro, duk abin nema ne ga ɓarawo. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta bayyana cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN da BVN na mutane kan Naira 100, ko da yake hukumar NIMC mai ba da NIN ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Littafin ya shiga durowa mai makulli, hotunan kuma a goge da zarar aiki ya ƙare.

Shawarar Yayanka ta komawa tsaba ban goyi bayanta ba, tare da girmamawa. Mai POS da ke kwana da kuɗin ciniki a shago ko ya ɗauko su a babur da dare, a wannan yanayi na tsaro da jiharmu ke ciki, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Tsallakawa wani kamfanin cikin fushi ma ba lallai ta fisshe ka ba, don za ka sake miƙa BVN da NIN da hotonka ga wasu da ba ka san halinsu ba, tsohon kamfanin kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta sa dole ya riƙe bayanan cinikinka aƙalla shekara 5 ko ka tafi.

Da ni ne, zan ci gaba da aiki da injin amma in rage abin da ke kwana a ciki. Jarin yini kawai zai zauna a manhajar, riba da ajiya kuma kowace yamma su koma asusun banki dabam, mai kalmar sirri dabam, in da hali ma da layi dabam wanda ba shi ne a rubuce a allon shago ba. Zan duba shafin Babban Bankin Najeriya in tabbatar kamfanin na da lasisi. Sannan in rubuta masu ta imel, ba ta waya ba don ya zama da shaida, in tambaye su yaushe aka shiga, yaushe suka gano, bayanaina na cikin waɗanda aka ɗauka ko a'a, sun kuma sanar da NDPC ko ba su sanar ba. In sun amsa da ranaku da bayani, ka zauna da su kana sa ido. In suka yi ta kewaye-kewaye, ko bayan wata biyu labari ya canza aka ce ashe abin ya fi yadda aka faɗa da farko ba tare da wani gamsasshen dalili ba, ka kai ƙorafi NDPC da kwafin wasiƙarka, ka nemi injin wani kamfanin ya fara aiki a shagon kafin ka mayar masu da nasu.