Kazar gidan gona da buhun wake: me zan saya?

Tambaya: Ina sayar da shinkafa da miya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege. Kwastomomi sun fara cewa kazar gidan gona GMO ce, wato an sauya mata halitta, wai allura ake yi mata ta kumbura. In koma kazar Hausa ne? Ga ta da tsada, ga ƙarancin tsoka.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Kazar nan da ke kai kilo 2 cikin sati 6 ba a taɓa ƙwayar halittarta a ɗakin gwaji ba. Zaɓen iri ne, irin wanda makiyayi ke yi in ya ware ragon Balami mai tsayi da faɗin ƙirji ya bar shi a garke, ya loda sauran a tirela zuwa kasuwa. Kamfanonin kaji sun duƙufa a kan wannan tun gasar kiwon kaji da aka yi a Amurka a 1948. Kaza kuwa tana wata biyar ko shida ta fara ƙwai, don haka zuriya na sauyawa da sauri, kowane zagaye a ɗauki mai saurin girma a bar sauran. Ki haɗa wannan da abinci mai gina jiki dare da rana, ga kumburin da ake ɗora wa allura.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne magani. Wasu masu kiwo kan ci gaba da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha har ranar sayarwa, alhali a jikin kwalin an rubuta kwanakin da za a dakata kafin yanka. Ki riƙe mai kiwo ɗaya da za ki iya tambaya, ki sayi mai rai, a yanka a gabanki. Daskararriyar da ake shigowa da ita ta iyakar Seme kuwa, gwamnati ta hana shigo da ita, kuma ba ki san wa ya yanka ba, balle sau nawa ta narke a hanya.

Ni in don miya ne ma, ba zan ba ki shawarar buroilar gidan gonar nan ba, dagargajewa take yi a tukunya. Ki nemi tsohuwar mai ƙwai, ko kazar Noiler da ake ƙyanƙyashewa a Awe ta jihar Oyo. Namansu na jure tafasa.

Tambaya: Zan sayi wake buhu biyu a kasuwar Mile 12 in ajiye wa maiɗakina mai ƙosai. An ce akwai wanda aka sauya wa halitta. Yaya zan gane shi?

Amsa: Malam, wannan kam gaskiya ne. Sunansa SAMPEA 20-T, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ce ta fitar da shi a 2019, bayan hukumar NBMA mai sa ido kan amfanin gonar da aka sauya wa halitta ta amince. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa aka dasa masa, ta yadda tsutsar da ke cin fure da kwanson wake in ta ci sai ta mutu. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas sai ya koma sau biyu. Da ido ba za ka gane shi ba, mai awon ma da wuya ya sani. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da shi, ni dai ina ci.

Amma fa bai hana ƙwaron da ke huda wake a buhu, kuma nan ne gizo ke saƙa. Saboda wannan ƙwaron wasu 'yan kasuwa ke yayyafa maganin ƙwari na Sniper, kuma sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Na taɓa sayen wake robar fenti guda, fes da shi ba huda ko ɗaya, ina buɗe ledar a gida wari ya bugi hancina, sai bola. Yanzu sai na tura hannu har gwiwa cikin buhun, na damƙo na ƙasa na sunsuna. In na ga ƙwaro biyu ko uku na yawo, hankalina ya fi kwanciya.

In ka saya, ka shanya shi ya bushe ƙarau, don damshin Legas ba ya raga wa hatsi. Sai ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. In babu, jarka mai murfi ta isa, ka cika ta har wuya.