Gidan rezan Baba da askin suna

Ɗana, saƙonka ya iso tare da hotunan. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ce ka buɗe tsohuwar adakar Baba, kakanka, a gidan Jidda ka tarar da gidan rezansa da gwangwanin reza, kana son sanin shekarunsa, kuma ko al'ada ta yarda a yi wa jaririn askin suna da shi, tunda sunan Baba za a sa masa.

Kafin komai, abin ba naka ba ne tukuna. Duk abin da mamaci ya bari gado ne, ko allura ce. Lokacin rabo ba wanda ya tuna da wannan adaka. Ni na yafe maka rabona, mahaifinka ma na san zai yafe, amma ka kira gwaggwanninka biyu ka tambaye su da bakinka. Kada ka ce abin bai kai ya kawo ba. Irin wannan ɗan abu ne ke zama a zuciyar mutum shekara ashirin bai faɗa ba.

Shekarunsa kuwa a jikinsa suke. Ka kife shi ka dubi ƙarƙashin kan, inda mariƙi ya shiga. A hoton da ka turo na ga harafin F a gefe ɗaya, lamba 2 a ɗaya gefen. Kamfanin Gillette na Amurka yana buga harafi don shekara, lamba kuma daga 1 zuwa 4 don kashin shekarar, wata uku-uku. W ita ce 1951, aka bi har Z a 1954, sannan aka koma A a 1955. Ka ƙirga da yatsa: B 1956, C 1957, D 1958, E 1959, F 1960. Lamba 2 kuma Afrilu zuwa Yuni ke nan. Haruffan sun sake zagayowa daga baya, F ta dawo a 1985, amma wannan ba zai rikita mu ba, domin samfurin da ke hannunka, mai kaurin mariƙi da zobe mai lamba 1 zuwa 9, wanda ake murɗa gindinsa kai ya buɗe kamar ƙyaure biyu, daga 1958 zuwa 1961 aka yi shi. Masu tara irin waɗannan kaya suna ce masa Fatboy saboda kaurin nan, kuma dala 1 da santi 95 aka riƙa sayar da shi a can.

To ka ga labarin da kuka taso kuna ji, wai da shi Baba ya taho daga Kano a ƙafa, ba haka ba ne. Baba ya ratsa Chadi da Sudan, yana tafiya yana yada zango yana neman guzuri, ya hau jirgin ruwa a Sawakin, bakin tekun Sudan, kuma ya riga ya zauna a unguwar Misfala ta Makka kafin a ƙera wannan ƙarfe. Abin da ya ratso hanya da shi aska ce ta maƙera, a cikin zabira, da ɗan dutsen wasawa. Da ita ya ci abinci a hanya. Gidan rezan nan wani alhaji ne da ya sauka a wurinsa ya bar masa kyauta ranar tafiya. Ina yaro nake ganinsa kowace Juma'a yana gyaran fuska da shi kafin ya tafi Harami, gefen kumatu da wuya kawai, gemunsa bai taɓa sa masa reza ba. Kansa kuwa har ya rasu wanzami ke aske masa.

Rezojin cikin gwangwani ka bar su a takardunsu. Na ga masu hoton kada a ciki, Nacet ke nan, da su muka girma. Ka duba ko akwai mai huda uku kawai maimakon doguwar tsaga a tsakiya, irin wannan tsohon samfuri ne, ka ware ta daban. Rezan da can baƙin ƙarfe ne mai saurin tsatsa, shi ya sa ake naɗe shi a takarda mai maiƙo. Sai a 1962 Wilkinson Sword na Ingila ya yaɗa wanda ba ya tsatsa. Ko ka ga tsohuwar reza tana ƙyalli, bakinta ya riga ya lalace, kada ta taɓa fatar kowa.

Batun jariri, amsata a'a ce. Abin da aka san mu da shi, kuma sunna ta zo da shi, shi ne ranar bakwai a yanka ragon suna, a raɗa suna, a aske kan yaro, a yi sadaka da azurfa daidai nauyin gashin. Ba a ce da askar wane ba. Kakanninmu wanzamin gida suke kira, wanda ya gaji sana'ar, domin kan jariri ba wurin koyo ba ne. Maɗiga a buɗe take, fata kamar ta albasa, yaro kuma yana motsi ba sanarwa. Gidan rezan Baba yana da nauyi, an yi shi ne don gemun babban mutum, kai kuma hannunka bai saba ba. Ka kira wanzami, ka sayi sabuwar reza da kanka, a ɓare ta a gabanka. Kar kunya ta hana ka. Ai ko a Mina ranar layya, bayan jifa, ka ga hukuma ba ta yarda a yi wa mutum biyu aski da reza ɗaya ba, saboda ciwon hanta da cutar ƙanjamau da ke bin jini. Da can da aska guda za a aske layin alhazai, a goge ta a tafin hannu a ce na gaba. Ba mu san illar ba a lokacin. Ka ce masa ya fara daga dama, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙa wa mai askinsa gefen dama da farko a Hajjin Bankwana.

Kai kuwa in gwaggwanninka sun yafe, yi amfani da shi, zan fi kowa jin daɗi. Ka jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, ka goge da tsohon burushin haƙori, ban da soson ƙarfe, domin tagulla ce aka yi wa rufi, in ka kankare rufin ba ya dawowa. Rezan yanzu mai baki biyu tana shiga daidai. Ka sassauta ƙyauren kafin ka juya zoben lambobin, kuma ka fara daga 3, domin 9 ta fi fitar da bakin reza, za ta yanke ka.

Ranar suna ka fito min da adakar gaba ɗaya. Ina so in laluba ƙasanta, ko zabirar nan tana ciki.