Likitoci sun ce sai an yi gwaji kafin a san mace ce ko namiji

Tambaya: Salam likita. Dan Allah yayata ce ta haihu yau kwana biyar, har yanzu likitoci basu faɗa mana mace ce ko namiji ba wai sai an yi gwaji, ga fom ɗin rajistar haihuwa gurbi biyu ne kawai a ciki. Wasu na cewa mata-maza ne, wasu kuma suna haɗa abin da masu sauya jinsi da ake gani a intanet, shi kuma mijinta so yake ayi tiyata kawai a huta. Wai duk abu ɗaya ne? Me ya kamata muyi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya. Ki ajiye maganar fom tukunna, akwai abinda ya fi shi gaggawa. Abinda yafi yawan kawo irin wannan yanayin shine wata matsala da ake kira CAH, ta wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda, tana samun kamar jariri 1 cikin 15,000. Gaɓoɓin basa iya haɗa sinadarin kotisol, sai su dinga zubo sinadarin maza da yawa tun a ciki, sai a haifi yarinya mai mahaifa da ƙwai lafiya lau amma gabanta ya ɗau kamannin na namiji. Haɗarin shine da yawa daga cikinsu jikinsu baya riƙe gishiri, a sati na biyu zuwa na uku sai amai, ƙin kama nono, jiki ya saki, kuma yana kisa in ba'a farga ba. Dan haka ku tambaya yau ɗin nan ko an auna gishirin jini da suga da homon (sinadarin jiki) ɗin da ake kira 17-OHP, in kunga amai ko yawan barci mara dalili kar ku jira gari ya waye. Maganin sa sananne ne kuma yana aiki.

Toh yanzu tambayarki, a'a ba abu ɗaya bane. Yaron yayarki maganar halittar jiki ce. Abinda muke cewa mace ko namiji ba abu guda ne yake yanke shi ba, akwai kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado (yawanci XX a mace, XY a namiji), akwai ƙwai na mata ko 'ya'yan maraina, akwai homon da yadda jiki yake karɓar sa, sannan gaɓoɓin ciki da na waje. Har wajen sati na shida a ciki duk ɗan tayi iri ɗaya ne, sai wani ƙwayar gado mai suna SRY da ke kan Y, wanda aka gano a 1990, ya tada aikin maraina. A mafi yawan mutane duk matakan nan layi ɗaya suke bi, shiyasa kallo ɗaya ungozoma take yi ta faɗa kuma ta dace. Amma a kamar haihuwa 1 cikin 4,500 kallo baya isa. Akwai ma waɗanda ba'a ganewa sam a haihuwa, misali yarinya mai XY wadda jikinta baya jin homon ɗin maza, ta tashi mace sosai sai ta kai shekara 16 bata ga al'ada ba, aje sikanin a tarar ba mahaifa. Akwai kuma akasin haka, a wasu ƙauyukan Jamhuriyar Dominika likita Julianne Imperato-McGinley ta bada rahoto a 1974 kan yaran da aka raina a matsayin mata, da balaga ta zo murya ta buɗe jiki ya koma na maza, kuma mafi yawansu suka ci gaba da rayuwa a matsayin maza.

Kuma bawai sabon abu bane da zamani ya kawo. Malaman fiƙihu sun daɗe da babin hunsa, wato mata-maza, har suka raba wanda alamominsa suka bayyana da hunsa mushkili wanda nasa basu bayyana ba, Muhtasar na Sheikh Halil ma da wannan mas'alar ya rufe littafin, ya lissafo mafitar fitsari, gemu, nono, haila, maniyyi, kuma a mazhabar Malikiyya mushkili yana cin rabin rabon namiji da rabin rabon mace a gado. Abinda yake burge ni a nan shine yawancin alamomin sai an balaga suke fitowa, kenan sun yarda a jira.

Masu sauya jinsi kuma daban. Su yawanci jikinsu ba wani ruɗani, kuromosom da gaɓoɓi duk sun tafi layi ɗaya, amma mutum yana ji a ransa, sau da yawa tun yana ƙarami kuma abin baya gushewa, cewa shi ba jinsin da aka rubuta masa bane, wasu har damuwar ta kai su ga ciwon baƙin ciki ko yunƙurin kashe kai. Ba gwajin jini ko sikanin da yake nuna wannan, kuma har yau kimiyya bata gama gano musabbabinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a kundinta na 2019 ta cire shi daga jerin cutukan ƙwaƙwalwa ta maida shi babin lafiyar jima'i. Yadda za'a kula da su, musamman yara, ana ta jayayya ko a tsakanin likitoci, a Ingila bayan rahoton likitar yara Hilary Cass na 2024 an taƙaita ba yara maganin dakatar da balaga saboda hujjar amfaninsa bata yi ƙarfi ba, wasu ƙungiyoyin likitoci a Amurka kuma suna goyon bayan sa. Malaman addini da dama ma sun raba biyun, suna halatta gyaran halittar hunsa suna hana ɗayan, hukuncin wannan nasu ne ba nawa ba. Nawa dai duk wanda ya shigo ɗakin duba marasa lafiya a duba shi da mutunci.

Inda suka haɗu shine wannan gurbi biyun na fom, domin harafi ɗayan nan da aka rubuta a satin farko shi zai bi mutum makaranta, katin shaida, fasfo, ɗakin kwanciya a asibiti, gidan yari, aure, gado. Wanda aka rubuta mace ya balaga da gemu, duk inda ya miƙa kati sai ya yi bayanin al'aurarsa ga baƙo, haka wanda kamanninsa suka canza katinsa bai canza ba, wasu shiyasa suke gudun asibiti gaba ɗaya har ciwo ya ci su. A wasanni ma haka, 'yar tseren gudu Caster Semenya ta Afirka ta Kudu mace aka haife ta mace aka raine ta, amma tun 2009 ake tonon jikinta a idon duniya, kuma har gobe wasu suna ce mata namijin da ya koma mace, wanda ba gaskiya bane. Ƙasashe kowa da hanyar da ya bi, Jamus ta yarda a bar gurbin ba komai tun 2013 ta ƙara gurbi na uku a 2018, Kotun Ƙolin Indiya ta amince da jinsi na uku a 2014, Kenya ta ƙirga su a ƙidayar 2019 ta samu mutum 1,524, Pakistan kuma ta cusa rukunin biyu a doka ɗaya a 2018 sai kotun shari'a ta ƙasar ta soke wasu sassanta a 2023. Ni a ganina cakuɗa su ɗin nan mata-maza ne suka fi cutuwa da shi, ana ɗora musu rigimar da ba tasu ba.

Maganar tiyata a huta kuma, dan Allah ki lallashi mijin yayarki. Daga shekarun 1950 wani masanin halayya John Money a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya yaɗa ra'ayin cewa in aka yanka da wuri aka raini yaro a jinsi ɗaya aka ɓoye masa, shikenan zai zauna a haka. David Reimer ɗan Kanada, wanda shi ba ma mata-maza bane kaciya ce ta lalace, aka maida shi mace bisa wannan shawarar, bai taɓa karɓa ba, ya koma namiji yana matashi, ya kashe kansa a 2004. Waɗanda aka yi wa irin tiyatar suna jarirai da suka girma da yawa sun koka da tabo, rashin jin daɗin saduwa, yanka kan yanka, wasu an cire musu ƙwai sun dawwama kan shan homon, abinda aka cire kuma baya dawowa. Ƙasar Malta ta hana irin wannan tiyatar ba da yardar mai jikin ba a 2015, Jamus ta bi a 2021. Tiyatar dole daban ce, in fitsari baya fita ko akwai barazanar kansa wannan ba jira. Sauran kuwa, har cikin likitoci akwai masu ganin ayi da wuri a wasu nau'in CAH, amma ba wanda zai ce ayi kafin sakamako ya fito.

Kinga zaɓa wa yaro jinsin da za'a raine shi baya buƙatar wuƙa. In gwajin kuromosom da homon da sikanin suka fito, yawanci cikin kwanaki zuwa 'yan makonni, likitan homon na yara da likitan tiyata zasu zauna da iyaye a zaɓi wanda yafi rinjaye, a sa suna, a cike fom. Kafin nan ku nemi asibiti su baku takarda ku kai ofishin rajista a ɗaga muku ƙafa, dan gyara daga baya yafi wahala. Ku rage yawan masu buɗe zanin jariri suna leƙe, kar kowa ya ɗau hoto. Duk sakamakon gwaji ku yi fotokwafi ku adana, likitan da zai gan shi wajen shekara 10 zuwa 12 lokacin da balaga ta matso su zai fara tambaya, kuma shi kansa yaron a dinga faɗa masa gaskiyar jikinsa daidai hankalinsa kar ya tsince ta a fayil.