Ciwon Baya Ga Mai Juna Biyu: Tausar Turai Ko Ta Ungozoma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina wata bakwai. Baya da ƙugu sun hana ni sakat, ko juyi a kan katifa sai na cije baki. Yayata da ke Ingila ta ce can masu ciki na zuwa wurin masu ostiyofati, har jarirai ake kai musu su gyara musu kai idan suna yawan kuka. Surukata kuma ta ce a kira ungozoma ta murza mini ciki ta gyara kwanciyar ɗa. Wanne zan bi? Wata uwa daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya.

Ostiyofati magani ne da hannu: tausa, miƙar da tsoka da motsa gaɓoɓi a hankali. Wani likita ɗan Amurka, Andrew Taylor Still, ya assasa shi a 1874, ya buɗe makarantarsa a Kirksville a 1892. A Ingila doka ta 1993 ta wajabta wa masu yin sa rajista, don haka yayarki ba wurin 'yan-ga-ruwa take nufi ba. Kuma ba ɗori ba ne, ba su haɗa karaya.

Ciwon naki sananne ne. Jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwan ƙugu suna saki saboda shirin haihuwa, ga nauyin ciki yana jan ƙashin baya gaba. Tausa mai laushi daga gwani tana rage wa wasu mata raɗaɗin, iyakar abin da zan iya shaidar ostiyofati da shi ke nan. Irin wannan aikin kuwa akwai masu yin sa nan gida, a sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ki faɗa ranar awo, a rubuta miki takardar zuwa.

Kafin nan, ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. In za ki sauko daga gado ki haɗa ƙafafu, ki juya gaba ɗaya, sannan ki dafa ki tashi. Sa wando ko siket a zaune, ba tsaye da ƙafa ɗaya ba. Sharar tsakar gida a duƙe da guntuwar tsintsiya, ɗaukar jarka da goyon yaro, a bar wa wasu na ɗan lokaci. Ki nuna wa maigida wannan layin. Farasitamol ba laifi, amma ibufurofen da dikulofenak da ake saye a kemis ki nisance su daga yanzu har ki haihu.

Batun murza ciki, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. A wata bakwai ɗa yana da filin juyawa da kansa. Idan ya kai sati 36 ko 37 bai juyo da kai ƙasa ba, likita ne ke gwada juya shi a asibiti, bayan hoto, da ɗakin tiyata a kusa, domin mabiyiya na iya ɓallewa jini ya ɓarke.

Kan jariri kuwa ban yarda kowa ya gyara shi ba, Bature ko ungozoma. Tsawon kan da ake gani bayan haihuwa yana daidaita da kansa cikin 'yan kwanaki, maɗiga kuma takan rufe wajen wata 18. Kukan yamma yana tsananta wajen sati 6, ya lafa a wata 3 zuwa 4, shi ya sa duk wanda ya taɓa yaron a lokacin yake shan yabo. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa matsa kai na tsayar da shi.

Amma in ciwon bayan ya zo da jini ko zubar ruwa, zazzaɓi, zafin fitsari, murɗar mara mai zuwa tana tafiya, ko ciwon kai da kumburin fuska da gani dishi-dishi, ko motsin ɗa ya ragu, wannan ba na tausa ba ne. Ki tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.