Kwamfutata Ta Ƙi Wuce Shafin Gyara

Tambaya: Assalamu alaikum. Batirin kwamfutata mai Windows 10 ya ƙare tana tsakiyar sabunta manhajarta. Tun daga nan, duk lokacin da na kunna ta sai ta rubuta "Preparing Automatic Repair", ta jima, ta mutu, ta sake komawa wurin. Akwai aikin shekara biyu a cikinta wanda ban kwafe a ko'ina ba, kuma an ce in goge komai in sake zuba Windows. Shin ita ce mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ina roƙonka kada ka yi gaggawar gogewa, domin a irin wannan matsala galibi fayilolin mutum suna nan lafiya, abin da ya lalace shi ne fayilolin da Windows ke buƙata wajen tashi. Idan ta kasa tashi sau biyu a jere takan shiga gyaran kanta, idan gyaran ya gagara kuma sai ta sake gwadawa, shi ne zagayen da kake gani.

Ka fara cire duk abin da ke jone da ita, sannan ka kasa kunne. Idan ma'ajiyarta tsohon faifai ne mai juyawa kuma kana jin yana ƙas-ƙas, ka kashe ta ka kai wa ƙwararre, saboda kowace kunnawa na iya ƙara lalata shi.

Idan babu wannan ƙara, ka jira shuɗin shafi ya fito, ka zaɓi Advanced options, sannan Troubleshoot, sannan ka sake zaɓar Advanced options. A nan ne nake so ka tsaya ka ceci aikinka kafin ka taɓa komai. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta notepad, ka shiga File sannan Open. Tagar da za ta buɗe za ta ba ka damar kwafe muhimman fayilolinka zuwa filashi, ko da yake ba za ta nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, don haka sai ka yi haƙuri. Idan an kulle faifan da BitLocker, wato makullin tsaro na Windows, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda sau da yawa yana cikin asusunka na Microsoft.

Bayan haka, tunda a kan sabuntawa abin ya faru, Uninstall Updates ne ya fi dacewa da kai: ka cire sabuntawar ƙarshe ka sake kunnawa. Idan bai yi ba, System Restore zai iya mayar da Windows yadda take a baya ba tare da ya taɓa takardunka ba. Sai kuma umarnin chkdsk C: /f da za ka rubuta a Command Prompt, mai gyara tsarin faifan da mutuwar bazata kan dagula, amma ka lura cewa a wannan shafi harafin faifan kan iya zama D.

Idan shuɗin shafin ya ƙi fitowa, ka sami filashi mai gigabait 8, ka zuba masa Windows daga wata kwamfutar ta hanyar Media Creation Tool, wato manhajar Microsoft mai yin wannan aiki, ka tayar da taka da shi, ka zaɓi Repair your computer. Sai duk waɗannan sun gaza za ka koma ga Reset this PC tare da zaɓin Keep my files, wanda zai bar takardunka amma ya cire manhajojin da ka zuba.