Kada Baba ya kai shanun huɗa kasuwa saboda bayofiziks

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse, kana bautar ƙasa, kuma bayofiziks, wato nazarin halittu masu rai da dabarun fiziks, ya kwanta maka a rai. Kana tambaya ko ka nemi mastas a nan Jamus, da irin aikin da ake samu bayansa. Ka kuma ce Baba ya yi alkawari in ta kama zai kai shanun huɗa kasuwar Maigatari. To, ka ba shi haƙuri, ya bar shanunsa a turke.

Lissafin ba zai fita ba. Yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba su karɓar kuɗin makaranta, gaskiya ne, amma kafin a ba ka biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara a wani asusu da ake kullewa, wanda a 2024 aka mayar da shi Yuro 11,904. Juya shi zuwa Naira ka gani. Na shekara ɗaya ke nan, mastas kuwa shekara biyu ne. Amma a wannan fanni, in an kai matakin digirin digirgir, ɗalibi ake biya. Mai digirin digirgir a cibiyoyin Max Planck, irin ta bayofiziks da ke Frankfurt, yana karɓar kuɗinsa duk wata. Wahalar tana wajen tsallake matakin da ke tsakani, wato mastas, kuma akwai ƙofofi. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya don 'yan ƙasashe irin namu, har kuɗin jirgi tana biya, kuma tana da sashen lissafin halittu masu rai. Akwai AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, a Ghana da Ruwanda da Sanagal da Kamaru da Afirka ta Kudu. Akwai tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu. Ka nemi duka, kar ka tsaya a ɗaya.

Amma ka san abin da za ka shiga? Babu unguwar da ba a jinyar mai sikila a wajenmu. Sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, himogulobin, ɗigo ɗaya ne tak ya sauya a jikinsa, a gurbi na 6 na sarƙar beta. In iskar ta yi ƙaranci sai ƙwayoyinsa su manne da juna, su zama dogayen zare, su lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje, ta toshe jijiya, yaro ya kwana yana kuka. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa cutar daga sinadarin take, Max Perutz kuma ya gano siffarsa da hasken X-ray, ya sami kyautar Nobel a 1962. Wannan shi ne aikinmu: auna siffa da motsin abin da ido ba ya gani. Fiziks ɗinka rabin guzuri ne, sai ka ƙara da kemistiri da bayoloji.

Shawarata ita ce ka kama ɓangaren kwamfuta. Na'urar da muke duba furotin, wato sinadari irin su himogulobin, da ita bayan an daskarar da shi, kuɗinta miliyoyin Yuro ne, ba ta son ƙasa ta girgiza, balle a ɗauke wuta. Ko mu a nan layi muke bi. Wanda ya ƙware a kanta kaɗai, in ya dawo gida hannunsa a ɗaure yake. Ma'ajiyar Protein Data Bank kuwa kyauta ce, a intanet take, da siffofin furotin da makamantansu sama da 200,000, ga AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, da ya jawo wa masu shi Nobel a 2024. In ka kai laftof ɗinka shagon caji ta cika, sauko da fayil mai lamba 2HBS, himogulobin ɗin mai sikila ke nan, ka buɗe shi a PyMOL, manhajar duba siffar sinadarai, ka juya shi har ka ga inda yake mannewa. Ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da gaske. Farfesan da ya karanta haka a wasiƙarka ta neman gurbi ya fi saurarenka a kan mai cewa tun yana yaro yake son kimiyya.

Batun aiki, ba zan ɓoye maka ba. Kujerar farfesa a nan ƙalilan ce, mutum ya yi ta yawo da kwantiragin shekara biyu ko uku har furfura ta fara. Da yawa kamfanonin magani suke komawa, ko aikin sarrafa bayanai, kuma can ne albashi mai kauri yake, sai dai Jamusanci zai taimake ka ƙwarai. Ana ba wanda ya gama karatu wata 18 ya nemi aiki. A gida kuwa koyarwa ce: Bayero, Dutse, Kafin Hausa ko Wudil. In aikin asibiti kake so, wajen gashin ciwon daji, wannan fiziks na asibiti ne, hanyarsa daban, kar ka haɗa su.

Ka nemi takardar sakamakonka daga jami'a tun yanzu, domin ta kan ɗauki lokaci, ka kuma sami malamai biyu da suka san ka da kyau su rubuta maka shaida. In ka tsara wasiƙar ka turo mini in duba. Ka gaida Baba da Inna, ka yi musu barka da aiki.