Hayaƙin shara da gubar zaiba: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, gidanmu na bayan wani wurin ƙona sharar asibiti a cikin garin Katsina. Duk yamma hayaƙi har tsakar gida. Wai akwai zaiba a ciki?

Hajiya, ya danganta da abin da aka zuba wa wutar. Auduga da bandeji ba su da zaiba. Inda take shi ne ma'aunin zafin jiki na gilashi, da tsohuwar na'urar awon hawan jini, da dogon ƙwan lantarki, da wasu ƙananan batura irin na agogo. Wuta ba ta cinye zaiba, tururi take mayar da ita, kuma tururin ba launi ba wari. In mutum ya shaƙa, kusan kashi 80 cikin 100 na wucewa ta huhu ya shiga jini. Injin zamani mai matatar hayaƙi yana kama mafi yawanta, amma rami ko durom ba abin da suke tarewa. A ganina gyaran na wajen masu wurin: su ware waɗannan kayan tun kafin a kunna wuta. Ku haɗu da mai unguwa ku same su, in an ƙi ji ku kai ƙara hukumar kare muhalli. Kafin nan, in an tada wuta a shigar da yara ɗaki, a rufe randa da abinci.

Hannuna na rawa, barci ya ƙi, abu kaɗan sai faɗa. Aikina ƙona shara ne. Ina shan madara bayan aiki.

Malam, madara abinci ce, ba ta wanke zaiba, haka ma manja. Rawar hannu, rashin barci, mantuwa, saurin fushi da kumburin dasashi duk ana ganinsu ga wanda ya daɗe yana shaƙar tururin, kuma tururin yana taɓa ƙoda. Sai dai wasu cututtukan ma na kawo haka. Ka je asibiti ka faɗi sana'arka ƙarara. Gwajin fitsari ne ke nuna irin wannan. Ƙyallen da kake ɗaurewa a hanci ƙura kawai yake tarewa.

Ina da ciki wata biyar, daga Daura. In daina cin kifi?

A'a, ƙanwata. Zaibar da ta sauka a ruwa takan taru a jikin kifi, shi ya sabauta mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar da ake kira da sunan garin a 1956 bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da dagwalonta a teku. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu su suka fi tara ta, don haka ki fi cin ƙanana. Ni abin da ya fi damuna shi ne man bilicin. Wasu na ɗauke da zaiba, tana ratsa fata ta isa ga ɗan da ke ciki. In kina shafawa, ki ajiye yau.

Yarona ya fasa ma'aunin zafi a ɗaki.

Kada a sa tsintsiya, watsa ta za ta yi. A fitar da yara, a buɗe taga, a tattara ɗigon da kwali a zuba a kwalba mai murfi. Kada kwalbar ta shiga bola.